Yadda Ake Warware Rikicin IRQ Tsakanin Modem da Kafofin COM a Tsohuwar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta ta zamanin DOS ko Windows 95 yana jiran modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ya buga lamba, mai yiwuwa ya gamu da wata cuta mai ɗaure kai: rubutu ya fara shigowa, sai ya tsaya cik, kuma ba zai ci gaba ba sai an motsa linzami. A juya linzami a kan tebur, haruffa su zubo. A ɗauke hannu, komai ya daskare. A wata kwamfutar kuma akasin haka ake gani, da zarar modem ya ɗauki layi sai kibiyar linzami ta sandare a tsakiyar allo. Mafi yawan mutane kan ɗora laifin a kan layin waya, ko su yanke hukuncin cewa modem ɗin ya mutu, su koma kasuwa su sayo wani, shi ma ya zo ya maimaita abin da na farkon ya yi, domin tun asali ba a jikin modem ciwon yake ba. Na'urori biyu ne suka kama waya ɗaya suna ja.

Wannan matsala ba ta ƙare da zamanin buga lamba don shiga intanet ba. Har yanzu akwai injinan yankan ƙarfe, da ma'aunan manyan motoci, da na'urorin ɗakin gwaji waɗanda tsofaffin kwamfutoci ke tuƙawa ta kafar COM, wato wurin da ake jona na'ura irin linzami ko modem a bayan kwamfuta, kuma ranar da aka ƙara wa irin wannan kwamfuta kati ko batirin cikinta ya mutu, tsohon rikicin yakan dawo kamar bai taɓa tafiya ba.

Abin da ya kamata a fara fahimta

Furosesa, wato guntun da ke gudanar da ayyukan kwamfuta, ba ya tsayawa a bakin kowace kafa yana jiran saƙo. Aikinsa yake yi, kowace na'ura kuma an ba ta waya guda da za ta ja idan tana da abin miƙawa, shi kuma ya ajiye abin da ke hannunsa na ɗan lokaci, ya karɓa, ya koma. Wannan wayar ita ake kira IRQ. Kwamfutar IBM PC ta 1981 tana da irin waɗannan layuka takwas kacal, daga 0 zuwa 7, a ƙarƙashin wani ɗan guntu na kamfanin Intel mai lamba 8259. Da aka fito da PC/AT a 1984 sai aka ƙara guntu na biyu, aka rataya shi a kan layi na 2 na guntun farko, ya zama akwai layuka 15 da za a iya amfani da su. Daga cikinsu ma yawanci an riga an yi musu masu: 0 na agogon tsari ne, 1 na allon madannai, 6 na fulofi, 7 na kafar firinta, 8 na agogon lokaci, 12 na linzami mai kan PS/2, 13 na guntun lissafi, 14 da 15 kuma na manyan faya-fayan ajiya da na CD. Abin da ya rage wa sauran jama'a bai taka kara ya karya ba.

Kafofin COM guda huɗu ne aka saba da su, amma layi biyu kawai aka ware musu. Kowacce kuma tana da adireshi, wato lambar da furosesa ke nemanta da ita: COM1 tana adireshi 3F8 da IRQ 4, COM2 tana 2F8 da IRQ 3, COM3 tana 3E8 ita ma da IRQ 4, COM4 kuma tana 2E8 da IRQ 3. A nan tushen fitinar yake. Linzami yana kan COM1, sai mutum ya sayo modem na ciki, wato wanda kati ne da ake sokawa a cikin kwamfuta, ya ga COM3 ba kowa, ya sa shi can yana ganin ya kauce wa karo, alhali ya haɗa su ne a kan IRQ 4.

Dalilin da ya sa ba su iya raba layi ɗaya yana cikin yadda aka gina ramukan ISA, wato dogayen baƙaƙen ramukan nan da ake soka kati a ciki. A tsarin ISA, guntun 8259 yana lura ne da lokacin da wutar layin ta tashi daga ƙasa zuwa sama, kuma kowane kati yana riƙe da layinsa da ƙarfi, ko a ƙasa ko a sama. Idan kati ɗaya yana danne layin a ƙasa yayin da ɗayan ke ƙoƙarin ɗaga shi, kiran ba zai isa ba, ko ya isa wani lokaci ya ɓace wani lokaci. Wannan ne ma bayanin abin mamakin da na fara da shi: kiran modem ba ya isa, amma idan linzami ya motsa kiransa ya shiga, sai direban modem, wato manhajar da ke tuƙa shi, ya farka a kan wannan kiran na aro, ya leƙa kafarsa, ya kwashe abin da ya taru. Kafofi biyu za su iya zama a layi ɗaya lafiya lau muddin ba a buɗe su a lokaci guda ba, domin manhaja mai ladabi takan saki layin idan ta rufe kafa. Shi ya sa injin zane a COM3 da wata na'ura a COM1 za su iya shekara ba su yi faɗa ba. Linzami kuwa ba ya rufe kafarsa daga kunna kwamfuta har kashe ta.

Saboda haka kowace kafa tana da abubuwa uku da ba a so a cakuɗa su: sunanta, adireshinta, da layin IRQ ɗinta. Sunan laƙabi ne kawai da manhaja ta ba ta. Adireshi da layi kuma kowannensu yana rubuce a wuri biyu, a jikin katin da kuma a cikin abin da aka gaya wa manhaja, kuma rabin matsalolin da ake kira rikici ba komai ba ne illa saɓani tsakanin waɗannan wurare biyu.

A fara tabbatar da cewa ciwon na IRQ ne

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, a yi magana da modem ɗin kai tsaye. Ana yin haka da manhajar sadarwa: a Windows 3.1 akwai Terminal, daga Windows 95 zuwa XP akwai HyperTerminal, a Linux kuma akwai minicom. A buɗe kafar da ake zaton modem yana kai, ba tare da an buga wata lamba ba, a rubuta AT a danna Enter. Modem mai lafiya zai amsa da OK nan take. Idan ba a ga abin da ake rubutawa ba, a rubuta ATE1 don ya riƙa nuna haruffan. Daga nan a rubuta ATI3 ko ATI4, waɗanda a yawancin modem sukan fito da sunansa ko jerin saitunansa, a zuba ido a ga yadda amsar ke fitowa.

Yadda amsar ta fito shi ne babban shaida. Idan ta fito gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, adireshi da IRQ duk daidai suke, sai a nemi matsalar a wani wuri. Idan ta fito guntu-guntu, 'yan haruffa su bayyana, a yi shiru na daƙiƙoƙi, wasu su biyo baya, to adireshin daidai ne amma kiran ba ya isa, wato ko an gaya wa manhaja layin da ba shi ba, ko wata na'ura ta riƙe shi. Idan kuma babu amsa sam, ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana suka fito, an fi zargin adireshi: ko babu kowa a wurin, ko kuma na'urori biyu ne ke amsawa a tare.

Modem da ya amsa OK da sauri, sannan aka ce ya buga lamba da ATDT ya dawo da NO DIALTONE, ba shi da wata matsala da IRQ. A duba igiyar waya, a tabbatar an soka ta a ramin da aka rubuta LINE, a jona kan tarho na gida a ji ko layin yana da rai. Da damina tsawa takan bi wayar tarho ta ƙona ɓangaren modem da ke fuskantar layi ta bar sauran da rai, ya riƙa amsa kowace tambaya amma ba ya jin layi, kuma irin wannan babu saitin da zai tashe shi. Haka nan a tuna cewa modem na waje, mai akwatinsa da fitilunsa, ba shi da IRQ na kansa. Kafar da aka jona shi ce ke da shi. Fitilun suna da amfani ƙwarai a nan: idan ana rubutu fitilar SD ko TX tana ƙyaftawa, RD ko RX ma tana mayar da martani, amma allo bai nuna komai ba, to modem ya amsa, kwamfutar ce ba ta ji ba.

A rubuta wanda ke riƙe da me

A samu takarda da biro, a jera lambobi daga 3 zuwa 15 a gefe, a fara cike sunan mai kowane layi. Wannan aiki yana da gundura, amma ban taɓa ganin wanda ya tsallake shi ya gama da wuri ba.

Wuri na farko shi ne BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin DOS ko Windows. A sake kunna kwamfutar, a danna Del ko F2 gwargwadon abin da allon farko ya ce, a nemi shafin da a BIOS na Award ake kira Integrated Peripherals. A nan za a ga Onboard Serial Port 1 da 2, kowacce da adireshinta da layinta. Mutane da yawa ba su san kwamfutarsu tana da kafa ta biyu ba, domin sau da yawa ba a fito da kanta bayan akwati ba, amma tana nan a kunne a kan babban allo (farantin da ke cikin akwati, inda ake soka katuna), tana riƙe da 2F8 da IRQ 3 ba tare da tana yi wa kowa aiki ba.

Wuri na biyu shi ne teburin da BIOS ke ajiyewa a ƙwaƙwalwa. A DOS a rubuta DEBUG, idan ɗan layi ya bayyana a rubuta:

D 40:0 L8

Za a ga lambobi takwas bibbiyu, misali F8 03 F8 02 E8 03 00 00. Ana karanta kowane biyu a juye, wato 03F8, 02F8, 03E8, sifirai kuma na nufin babu kafa ta huɗu. A rubuta Q a fita. Akwai wani tarko a nan: BIOS yana cike teburin ne bi da bi ba tare da barin giɓi ba, don haka idan akwai kafa a 3F8 da 2F8 da 2E8 amma babu a 3E8, zai rubuta 2E8 a gurbi na uku, DOS ta kira ta COM3, alhali wata manhajar da ke bin adireshi tana kiranta COM4. Saboda wannan ya fi kyau kada a tsallake lamba wajen ba kafofi adireshi. Wannan umarni kuma shi ne hanya mafi sauƙi ta gano karon adireshi: a kashe kwamfuta, a cire katin modem, a kunna, a sake dubawa. Idan adireshin da aka ba modem yana nan bayan an cire shi, to da ma akwai mai wurin.

Manhajar MSD da ta zo da MS-DOS 6 da Windows 3.1 tana nuna kafofi da irin guntun da ke cikinsu, kuma wannan ɓangaren abin dogaro ne. Shafinta na IRQ kuwa kada a jingina da shi, domin galibi abin da aka saba yake nunawa, ko da katin yana wani layi daban.

Sai a bi sauran katunan. A buɗe fayil ɗin AUTOEXEC.BAT a nemi layi mai kama da SET BLASTER=A220 I5 D1, lambar da ke bayan harafin I ita ce IRQ na katin sauti; tsofaffin Sound Blaster da 7 suke zuwa, na baya kuma da 5. Katin sadarwa irin NE2000 yakan zo daga masana'anta a kan IRQ 3, wato daidai kan COM2, kuma ya sha jefa mutane cikin ruɗani a ofisoshi. A Windows 95 da 98, a danna My Computer da maɓallin dama, a shiga Properties, sannan Device Manager, a danna Computer da ke saman jerin sau biyu, za a ga kowane layi da wanda Windows ke zaton yana kai. Na ce zato ne domin katin da ake saita shi da hannu ba ya gaya wa Windows komai, abin da aka faɗa mata kawai take maimaitawa.

Shaidar ƙarshe tana jikin katin. A kashe kwamfuta, a zare igiyar wuta daga bango, domin akwatunan ATX suna barin 'yar wuta a kan babban allo ko an kashe su, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa kati, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe jiki ke tara wutar da kan lalata guntaye. A riƙe katin ta gefe a kai shi wurin haske. Za a ga jerin 'yan allurai bibbiyu a tsaye, wasu an rufa musu wata 'yar hular roba baƙa wadda ba ta kai ƙwayar masara ba. Masu gyara jamfa suke ce mata, kodayake ba ta da alaƙa da riga. A gefen alluran akwai rubutu fari ƙanana, jeri ɗaya na COM, ɗaya na IRQ mai lambobi 2, 3, 4, 5, 7. Inda hular take, nan katin yake, ko me manhaja ta ce.

Neman wa modem wuri

Hanyar da na fi so, kuma wadda ta fi daɗewa ba ta ba da matsala ba, ita ce a kashe kafa ta biyu ta babban allo a BIOS, a mayar da Onboard Serial Port 2 zuwa Disabled, sannan a saita modem a COM2, adireshi 2F8, IRQ 3. Da haka linzami ya zauna shi kaɗai a IRQ 4, modem shi kaɗai a IRQ 3, kuma babu manhajar da za a yi wa dogon bayani, domin kowace tsohuwar manhaja ta san COM2 a haka. Akwai ma 'yar riba a ciki: a jerin fifikon 8259, layi na 3 yana gaban na 4, don haka idan kira biyu suka zo tare na modem za a fara amsawa. Idan BIOS yana da saitin infrared, shi ma a kashe shi, domin kafa ta biyu yake hawa. A kwamfutocin 386 da 486 da yawa kafofin ba a kan babban allo suke ba, suna kan wani kati ne da ke ɗauke da fulofi da faifai, kuma a can da jamfa ake kashe su.

Idan ana bukatar kafofin waje biyu duka, sai a sa modem a COM3, adireshi 3E8, a matsar da hular IRQ zuwa 5. Wannan yana aiki muddin katin sauti ba ya can. Idan yana can, shi ya fi sauƙin tashi: katin sauti mai dogon gindi, wato mai bit 16, yana iya hawa IRQ 10, alhali yawancin katunan modem gajeru ne masu bit 8, kuma ɓangaren ramin ISA da irin waɗannan katuna ke shiga ba ya ɗauke da layuka 10 zuwa 15 ko kaɗan. Sai dai wanda ke wasannin DOS ya sani cewa wasu tsofaffin wasanni ba su san katin sauti a sama da 7 ba.

IRQ 7 ana iya aronsa, tunda DOS ba ta amfani da kira wajen tura aiki ga firinta, amma idan kafar firinta tana tsarin ECP a ƙarƙashin Windows za a yi karo, don haka ina ajiye shi a matsayin mafita ta ƙarshe. Wanda aka rubuta 2 a jikin kati kuwa, a kowace kwamfuta daga AT zuwa sama 9 ne a zahiri, saboda rataya guntu na biyu da aka yi, don haka a sa hular a 2 a gaya wa Windows ko Linux 9. A duba tukuna ko katin hoto ko ɓangaren MIDI na katin sauti bai riga ya kama shi ba.

COM4 a guje ta idan katin hoto na S3 ne ko ATI Mach32, ko wani mai bin tsarin 8514/A na IBM, domin waɗannan suna amfani da adireshin da ke karo da 2E8, kuma alamar ita ce allo ya rikice ko launuka su sauya da zarar modem ya fara aiki. Idan kuma babban allon yana da ramin PS/2, sayen linzami mai wannan kai yana kashe maganar gaba ɗaya, tunda zai koma IRQ 12 ya bar 4 fili.

Ko wace hanya aka bi, abu ɗaya za a sauya a lokaci guda, a kunna, a gwada AT, a rubuta sakamakon a takardar nan. Wanda ya sauya abu uku tare, ko ya yi nasara bai san wanne ya yi magani ba.

A sanar da manhaja

Matsar da hula rabin aiki ne. Manhajojin sadarwa na DOS kowacce tana da nata shafin saiti, kuma kowacce sai an shiga an gaya mata cewa COM3 tana 3E8 da IRQ 5, domin ba sa tambayar DOS, kai tsaye suke taɓa kafar. A Windows 3.1 ana shiga Control Panel, Ports, Settings, Advanced, ko kuma a buɗe SYSTEM.INI a ƙarƙashin sashen 386Enh a rubuta COM3Base=03E8 da COM3Irq=5, a sake kunna Windows.

A Windows 95 da 98, a Device Manager a buɗe Ports, a zaɓi kafar, a shiga Resources, a cire alamar da ke kan Use automatic settings. Sau da yawa idan aka danna Change Setting sai ta ce ba a iya sauya wannan ba. A nan sai a sauya Basic configuration zuwa na gaba a jerin, a yi ta gwadawa har a samu wanda ke da adireshin da ake so kuma ya yarda a taɓa IRQ. Akwatin da ke ƙasa zai nuna ko akwai karo da wata na'urar da Windows ta sani. Bayan an sake kunnawa, a shiga Modems a Control Panel, Diagnostics, a zaɓi kafar a danna More Info, za a ga adireshi da layi da irin guntu da amsoshin modem. Idan an sha girka modem ana cirewa, yana da kyau a shiga Safe Mode a buɗe Device Manager a can, domin a nan ne ake ganin fatalwowin tsofaffin modem da kafofi da ba sa bayyana a kunnawar yau da kullum. A goge su duka a bar Windows ta sake ganowa.

A Linux ƙidaya daga sifiri take farawa, COM1 ita ce ttyS0, COM3 kuma ttyS2. Umarnin setserial -g /dev/ttyS2 yana nuna abin da direba ya ɗauka, kuma direban yakan ɗauki layin da aka saba ne ba tare da ya bincika ba. Ana gyarawa da:

setserial /dev/ttyS2 port 0x3e8 irq 5

Wannan umarni ba ya sauya komai a jikin kati, direba kawai yake sanarwa, kuma sai an sa shi cikin fayilolin tashi don kada ya ɓace idan an sake kunnawa. Akwai gwaji mai kyau a nan: a ba kafar irq 0, wanda ke sa direba ya daina jiran kira ya riƙa leƙawa da kansa. Idan modem ya warware da haka, an tabbatar ciwon na IRQ ne. Haka kuma yayin da minicom ke buɗe, a duba cat /proc/interrupts daga wata taga, a ga ko adadin da ke gaban layin yana ƙaruwa idan modem ya amsa.

Katunan da ke saita kansu

Tsarin Plug and Play da Intel da Microsoft suka fito da shi a 1993 an yi shi ne don a huta da jamfa, amma a kwamfutar da ta haɗa tsofaffin katuna da sababbi shi kansa yakan haddasa rikici, domin BIOS ba ya ganin katin da aka saita da hannu, sai ya ɗauki IRQ 5 ɗin da aka ba modem ya miƙa wa katin sauti. Maganin yana shafin PNP/PCI Configuration: a mayar da Resources Controlled By zuwa Manual, a je kan IRQ 5 a sa shi Legacy ISA, wato an killace shi. Idan BIOS ya nace da tsohon rabon da ya yi, a kunna Reset Configuration Data sau ɗaya, zai goge ya sake rabawa. Modem da ke da zaɓi biyu, jamfa ko saita kai, ni dai jamfa nake zaɓa a kwamfutar da za ta yi aiki da DOS ko Linux, domin abin da aka sa da hannu ba ya tashi da kansa.

Katunan PCI, masu gajerun fararen ramuka, labarinsu daban ne. An gina su don su raba layi, saboda haka ganin na'urori huɗu ko biyar a IRQ 9 ko 11 a Windows 2000 ko XP ba cuta ba ce, kada a ɓata lokaci a kai. Abin da ba ya yiwuwa shi ne katin ISA da na PCI su zauna a layi ɗaya. Idan modem na PCI yana yanke layi duk lokacin da aka kunna sauti, a gwada mayar da shi wani ramin, tunda kowane rami da yadda aka jona layukansa. Yawancin modem na PCI masu araha kuma irin da ake kira Winmodem ne, ba su da guntun kafa na gaskiya a ciki, direba ne ke kwaikwayon kafar, don haka ba za su bayyana a DEBUG ba kuma DOS zalla ba za ta gan su ba, ko me aka saita.

Abin da ke kama da rikicin IRQ amma ba shi ba

Akwai modem da ke amsa AT da sauri, ya haɗu lafiya, amma idan ana sauke babban fayil sai kurakurai su yi yawa, gudu ya faɗi. Wannan yawanci laifin guntun kafar ne, wanda ake kira UART. Tsofaffin 8250 da 16450 harafi ɗaya kawai suke iya riƙewa, kuma a gudun bit 115200 a daƙiƙa, haruffa 11,520 ke shigowa a daƙiƙa, ma'ana furosesa yana da ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa ya kwashe kowanne kafin na bayansa ya taka shi. Guntun 16550A yana da ma'ajiyar haruffa 16, shi ya sa ya zama dole ga modem na waje mai gudun 28,800 zuwa sama. A duba irin guntun a MSD ko More Info. Idan tsoho ne, a rage gudun kafar zuwa 19200 ko 38400, ko a sayo katin kafa mai 16550A. Idan 16550A ne kuma har yanzu ana asarar haruffa, a shiga Port Settings, Advanced, a ja Receive Buffer baya da mataki ɗaya, sannan a tabbatar Flow control yana kan Hardware, kuma igiyar modem cikakkiya ce mai dukan wayoyinta. Igiyar da ake haɗa kwamfuta biyu da ita tana kama da ta modem a ido, amma wayoyinta a harɗe suke, ba za ta yi ba.

Idan ana shakkar kafar kanta, a cire komai daga jikinta, a haɗa allura ta 2 da ta 3 na kan mai allura tara da 'yar waya, a buɗe HyperTerminal a sa Flow control a None, a yi rubutu. Kafa mai rai za ta dawo da kowane harafi a allo, kuma idan aka cire wayar rubutun ya daina fitowa.

Igiyoyin da ke mayar da USB zuwa kafar COM ba su da IRQ irin wannan, don haka sun raba mutum da rikicin, amma suna zuwa da nasu: Windows takan ba su lamba babba kamar COM7, tsohuwar manhaja kuma daga 1 zuwa 4 kawai ta sani. Ana sauya lambar a Port Settings, Advanced. Manhajar da ke gudana a DOS zalla tana neman 3F8 kai tsaye kuwa ba za ta ga irin wannan igiya ba, dole sai kafa ta gaskiya.

Idan komai ya daidaita, a kwafe saitin a 'yar takarda, adireshi da layin kowane kati da abin da aka kashe ko aka killace a BIOS, a manna ta a cikin murfin akwatin. Batirin CR2032 da ke kan babban allo yakan yi 'yan shekaru ya mutu, kuma ranar da ya mutu BIOS zai koma saitin masana'anta, kafa ta biyu ta sake kunnuwa a 2F8, killacewar IRQ 5 ta goge. Alamar farko ita ce agogon kwamfutar ya koma wata tsohuwar shekara. Idan an ga haka a sauya batirin, a buɗe BIOS, a mayar da abin da ke rubuce a takardar.